Abokina na so in tsaya masa a banki, ya ce in na ƙi ban cika Kirista ba

Baba, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni malamin sakandare ne, da mata da yara uku, albashina naira 120,000 a wata. Ina da aboki, tela ne, tare muka taso tun makarantar Lahadi, shi ne babban abokin ango ranar aurena, yanzu ma ƙungiyar mawaƙa ɗaya muke. Yana so ya ci bashin naira miliyan ɗaya da rabi a wani ƙaramin banki, ya zuba a wata harka ta intanet da aka ce kuɗi na ninkuwa cikin kwana 30. Ruwan bashin kashi 4 cikin ɗari ne kowane wata, a biya cikin shekara ɗaya. Bankin ya ce sai ya kawo garanto mai albashi. Shekara biyu da suka wuce na tsaya masa a ƙungiyar ma'aikatanmu kan naira 300,000, ya kasa biya, aka yi ta yanka a albashina har aka gama. Har yau bai mayar mini ba, matata kuma ba ta sani ba, ce mata na yi an rage mana alawus. Da na nuna shakka a wannan karon sai ya karanta mini Matiyu 5:42, cewa a ba wanda ya roƙa, kada a juya wa mai neman rance baya, ya tambaye ni ina bangaskiyata. Fom ɗin yana hannuna, na riga na ba shi hotona da kwafin katin shaidata. Barci ya gagare ni. In na ƙi, na yi zunubi ne?

Ɗana, salama ta kasance tare da kai da iyalinka.

Kada ka sa hannu. Na fara da wannan ne don kada ka yi ta karatu zuciyarka na dukan uku-uku. Ƙin sa hannu a wannan takarda ba zunubi ba ne, kuma Littafi Mai Tsarki da abokinka ya buɗe maka shi ne ya fi kowa ja maka kunne a kanta.

Ɗauko biro mu yi lissafi tukuna. Miliyan ɗaya da rabi in aka raba ta wata 12, uwar kuɗin kaɗai naira 125,000 ce kowane wata. Ta riga ta wuce albashinka gaba ɗaya, ba a ma zo kan ruwa ba. In kan dukan kuɗin ake lissafa ruwan nan, ƙarin 60,000 ne a wata, ya zama 185,000, a shekara naira 2,220,000. Garanto ba shaida ba ne, ba kuma mai rakiya ba ne. Ma'anar sa hannunka ita ce ranar da ya kasa biya kai ne mai bashin. Shi ya sa bankin bai ce ya kawo fasto ko dattijon ikkilisiya da zai yabi halinsa ba, mai albashi suka ce. Sun duba abokinka, sun ga ba za su iya dogara da shi ba, sai suka nemi inda za su cafka. Kai ne wurin.

Littafin Karin Magana ya taɓo maganar tsaya wa wani a bashi har wuri shida, ba kuwa inda ya yabe ta. A 17:18 ya ce marar hankali ne yake ɗaukar lamunin maƙwabcinsa. A 11:15 ya ce mai tsaya wa baƙo zai sha wuya, wanda ya ƙi kuwa yana zaune lafiya. A 22:26 da 27 ya yi tambayar da nake so ka kwana da ita: in ba ka da abin biya, don me za ka bari a janye gadon da kake kwance a kai? 20:16 da 27:13 sun maimaita gargaɗin. Wanda ya fi tsawo shi ne 6:1 zuwa 5, kuma da “ɗana” ya fara, kamar kai aka rubuta wa. Ya ce in ka riga ka tsaya wa wani, maganar bakinka ta zama tarkonka, ka faɗa hannun wani. To ka tafi, ka ƙasƙantar da kanka, ka matsa masa da roƙo, kada ka bar idonka ya runtsa sai ka kuɓuta, kamar barewa daga hannun maharbi, kamar tsuntsu daga tarko. Ka lura, bai ce ka zauna ka jira ka ga yadda za ta kaya ba. Gudu ya ce ka yi. Rashin barcin da kake fama da shi ma ni ban ɗauke shi rashin bangaskiya ba, hankalinka ne yake aiki.

Kada kuma ka ɗauka littafin nan na marowata ne. Shi ne ya ce mai jin ƙan matalauci Ubangiji yake ba rance, shi kuwa zai sāka masa (19:17). Shi ne ya ce kada ka hana alheri ga wanda ya cancanta in yana cikin ikonka, kada ka ce wa maƙwabcinka ya je ya dawo gobe alhali abin yana hannunka (3:27, 28). Waɗannan ayoyi da waɗancan ba sa faɗa da juna. Dukansu a kan abu ɗaya suka tsaya, wato abin da yake hannunka. Kyauta da naka kake yi. Lamunin da ya fi ƙarfinka kuwa alkawari ne da abin da ba ka da shi, da abincin yaranka na watannin da ba su zo ba, da kuɗin makarantarsu, da haƙƙin matar da ba a tambaye ta ba.

Haka ayar Matiyu take. Ubangiji ya ce ka ba mai roƙonka, a Luka 6:35 ma ya ƙara da cewa a ba da rance ba tare da sa ran a dawo da shi ba. Wannan umarni ne mai nauyi, ba na kuma so in rage masa nauyi don in kwantar maka da hankali. Amma ka duba abin da yake nema: ka ba da abin da za ka iya saki har abada, zuciyarka ba ta bi shi ba. Za ka iya sakin naira miliyan biyu da dubu ɗari biyu da ashirin? Ba ka da ita. To ayar ba ta kan wannan takarda.

Akwai waɗanda suka tsaya wa wasu a cikin Littafi kuma aka yabe su, gara in kawo maka su da kaina kafin wani ya kawo maka. Yahuza ya tsaya wa Biliyaminu a gaban mahaifinsu Yakubu lokacin yunwa, da ranar biya ta zo a Masar ya miƙa kansa ya zama bawa a madadin yaron (Farawa 43:9 da 44:33). Manzo Bulus ya rubuta wa Filimon cewa in Unisimas ya cuce shi ko yana riƙe da wani abu nasa, a ɗora a kansa, da hannunsa ya rubuta, zai biya. Basamariyen nan na misalin Yesu, wanda ya taimaki mutumin da 'yan fashi suka raunata, ya ba mai masauki dinari biyu, ya ce duk abin da aka kashe a kai zai biya in ya dawo. Dukansu uku sun san abin da suka ɗauka, sun shirya biya da nasu, kuma abin da ya sa suka tsaya rai ne, da 'yanci, da jinyar wanda aka bari a hanya jina-jina. Da ka rubuto mini cewa matar abokinka tana asibiti ana neman kuɗin tiyata, da wata amsa zan ba ka, da na ce ku je wurin fasto a yi gudummawa, kai kuma ka ba da har ka ji a jikinka. Abin da ke gabanmu kuwa neman ninka kuɗi ne cikin kwana 30.

Wannan harkar ita ce ta fi tayar mini da hankali. Ka yi wani lissafin: miliyan ɗaya da rabi in tana ninkuwa kowane wata, cikin shekara ɗaya ta haura naira biliyan shida. Mai irin wannan hanya me zai yi da kuɗin tela? Ba noma, ba kiwo, ba fatauci da ke ba da haka. Yadda suke yi a bayyane yake: kuɗin waɗanda suka shigo yau ake biyan waɗanda suka shigo jiya, su kuma su fita suna ba da shaida, su jawo 'yan'uwa da abokai. Ranar da masu cirewa suka fi masu zubawa yawa sai a rufe. Mun ga MMM, wadda ta yi alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, ta daskarar da asusun mutane a Disamba 2016 ana shirin Kirsimeti. Mun ga CBEX, wadda ta yi alkawarin ninkawa cikin wata guda, ta rushe a Afrilu 2025. Tsakanin biyun akwai wasu da yawa, suna ne kawai ke canzawa. Abin da ke ci mini rai shi ne sau da yawa a wuraren ibada suke samun kasuwa, domin a nan ne mutum yake yarda da ɗan'uwansa ba tare da tambaya ba. Duk shugaban da ya bari ana tallar irin wannan a harabar majami'a yana da amsar da zai bayar.

Masu hikimar Isra'ila ba su san intanet ba, amma sun san wannan cuta. Dukiyar da aka tara da gaggawa takan zube, mai tarawa kaɗan-kaɗan kuwa tasa ƙaruwa take (Karin Magana 13:11). Mai noman gonarsa zai ƙoshi, mai bin abin banza ba shi da hankali (12:11). Mai hanzarin yin arziki ba zai kuɓuta daga hukunci ba (28:20). Wadda ta fi dacewa da ku biyun ita ce 14:15: marar wayo yakan gaskata kowace magana, mai hankali kuwa yana duban inda zai sa ƙafa. Iyayenmu ma da suka ce kwaɗayi mabuɗin wahala, abu ɗaya suka gani.

Game da tambayarsa, ina bangaskiyarka. Lokacin da aka kai Ubangijinmu kan ƙololuwar Haikali aka ce ya yi tsalle, aya aka karanta masa daga Zabura 91, cewa mala'iku za su tallafe shi. Ya amsa da wata ayar, cewa kada a gwada Ubangiji Allah. Ba ina kwatanta abokinka da Iblis mai jarabar ba ne, Allah ya kiyaye. Ina nuna maka ne cewa ana iya karanta aya ta gaskiya a wurin da ba nata ba. Karin Magana ta san da haka, har ta ce karin magana a bakin wawa kamar ƙaya ce a hannun mashayi (26:9), ba a san wanda za ta soka ba. A sura ɗin nan kuma akwai ayoyi biyu a jere, ta 4 ta ce kada ka amsa wa wawa bisa ga wautarsa, ta 5 ta ce ka amsa masa. Waɗanda suka tara littafin, ciki har da mutanen sarki Hezekiya da 25:1 ta ambata, sun ga biyun kusa da juna suka bar su haka, domin haddace aya ba ita ce hikima ba, sai an san wadda ta dace da wace rana. Yau ranar 6:1 zuwa 5 ce a gidanka.

Ba na so ka fita daga nan kana kallon abokinka a matsayin mugu. Ban san zuciyarsa ba. Mai yiwuwa matsin rayuwa ne, ɗinki ya ja baya, kaya sun yi tsada, wani ya nuna masa waya cike da lambobi. Littafin ya bambanta mutane. Akwai marar wayo wanda bai sani ba, ana iya koya masa. Akwai wawa wanda hanyarsa daidai ce a idonsa, ba ya jin shawara (12:15). Akwai mai ba'a wanda in ka tsauta masa zai ƙi ka, alhali mai hikima in ka tsauta masa ƙaunarka zai yi (9:8). Yadda zai karɓi “a'a” ɗinka shi zai nuna maka inda yake. Amma abu ɗaya zan faɗa ba kwana-kwana: mutumin da aka yanki albashinka saboda shi, bai biya ba, bai zo ya ba da haƙuri da tsarin biya ba, sannan ya dawo da bashin da ya ninka na farko sau biyar yana tuhumar bangaskiyarka, bai kyauta maka ba. Zabura 37:21 ta yi magana mai zafi a kan mai cin bashi ya ƙi biya. Kafin ya buɗe maka Matiyu, akwai ayar da ta shafe shi.

Yanzu ga wurin da zan taɓa ka, ka yi haƙuri da ni. A wasiƙarka abin da ya fi nauyi ba fom ɗin banki ba ne, jimlar nan ce da ka wuce ta da sauri: ce mata na yi an rage mana alawus. Matarka ta yi watanni tana rage cefane, tana jan ɗan abin da ka kawo ya kai ƙarshen wata, wataƙila ta haƙura da zanen Kirsimeti, tana zargin waɗanda ba su yi laifi ba. Ita ta biya rabin bashin nan ba ta sani ba. Kai kuma ka kāre mutuncin abokinka da ƙarya ga wadda kuka yi alkawari a gaban Allah da jama'a. Na san kunya ce ta sa, ba mugunta ba. Duk da haka mai ɓoye laifinsa ba zai ci nasara ba, wanda ya furta ya rabu da shi shi ne zai sami jinƙai (Karin Magana 28:13). Ka faɗa mata kafin ka je wurin abokinka. Ba a gaban yara ba, ba kuma kuna cikin wata rigima ba. Ka faɗi adadin, ka faɗi ƙaryar da sunanta, kada ka kawo hujja. Za ta yi fushi, tana da gaskiya, ka bar ta ta yi, kada ka ce mata ai ya wuce, domin a wurinta yau ya faru.

Akwai dalilin da ya wuce neman gafara. Ka karanta 2 Sarakuna 4. Mutum ne mai tsoron Allah, daga ƙungiyar annabawa, ya rasu ya bar bashi, mai bin bashin ya zo zai kwashe 'ya'yansa biyu su zama bayi. Matar ce ta je tana kuka wurin Elisha. Allah ya cece ta da ɗan man da ke gidan, amma ka ga wanda bashin ya faɗa wa. Takardar da miji ya sa wa hannu shi kaɗai, iyali ne suke biyanta. Saboda haka matarka tana da haƙƙin a tambaye ta. Littafin da ya ce mace mai hankali daga wurin Ubangiji take (Karin Magana 19:14), ya kuma rufe da matar da takan duba gona ta auna kafin ta saya (31:16), bai yi nufin a ajiye irin wannan mace a gefe in ana maganar kuɗi ba. Ina kyautata zaton da ka tambaye ta shekara biyu da suka wuce, da ba ka rubuto mini yau ba.

Sai abokinka. Ka je wurinsa da ƙafarka, kada ka aika saƙon waya, kada ka yi ta ɓuya bayan an tashi sujada. Kada kuma ka ƙirƙiro dalili, ka ce makaranta ta hana ko bankinku bai yarda ba, ƙarya ɗaya ta isa. Ka ce masa: “Ɗan'uwana, ba zan sa hannu ba. In abin ya lalace ba ni da abin biya, kuma na tabbata zai lalace. Ina roƙonka kai ma kada ka shiga.” Ka nuna masa lissafin nan biyu a takarda. In ya ce ka ci amanar abota, kada ka biye masa, ka tuna raunin da aboki ya yi maka na aminci ne, sumbar maƙiyi ce mai yawa (Karin Magana 27:6). Ka mayar masa da fom ɗin ba rubutu a kai, ka karɓo hotonka da kwafin katinka. In ya ce sun riga sun isa banki, ka rubuta wa manajan reshen wasiƙa cewa ba ka amince ka zama garanton kowa ba, ka kai da kanka, a buga hatimi a kan kwafi ka riƙe. Kada ka ba kowa lambar BVN ɗinka, ko takardar albashi, ko cekin da ka sa wa hannu ba a rubuta adadi ba.

Kada ka je hannu wofi, da “a'a” kawai. Kai da matarka ku zauna ku ga abin da za ku iya bayarwa kyauta, wanda in bai dawo ba ba zai hana ku barci ba, ko da dubu goma ce, a sa a sana'arsa, ba a wayar nan ba. Kai malami ne, ka san lokacin da iyaye ke neman mai ɗinka kayan makaranta, ka san lokacin da zumuntar mata ko ƙungiyar mawaƙa ke fitar da anko. Ka kai masa aiki. Wannan yana cikin ikonka, shi ne kuma irin alherin da Karin Magana 3:27 take nufi.

Tsohon bashin 300,000 kuma kada a bar shi yana ruɓewa a tsakaninku. Hanya biyu ce. Ko ku yafe, kai da matarka tare, ku faɗa masa da baki cewa kun yafe, daga nan ba mai sake tayar da shi. Ko ku rubuta tsarin biya daidai ƙarfinsa, ko dubu goma-goma ne a wata. Ni na fi karkata ga ta biyun, domin mutumin da bai taɓa jin nauyin bashi a kafaɗarsa ba shi ne yake saurin ɗauko wani. In kun kasa daidaitawa ku biyu, ka bi tsarin Matiyu 18, ka ɗauki dattijo ɗaya mai riƙe sirri wanda ku duka kuke girmamawa, ba wanda zai kai maganar bakin kasuwa ba.

Ka kuma tambaye shi kai tsaye ko ya riga ya zuba wani abu a harkar, domin galibi mai neman bashi irin wannan ya fara da ƙaramin kuɗi, an biya shi sau ɗaya ko biyu, shi ya sa idonsa ya rufe. In haka ne, ya yi ƙoƙarin cire abin da ya zuba yanzu, kada ya ƙara ko sisi ko da an ce sai ya biya wani kuɗi kafin a sakar masa nasa, kada kuma ya jawo kowa. In akwai wasu 'yan ƙungiyar mawaƙa a ciki, ka sanar da fasto a asirce tun kafin abin ya fashe. Duk kamfanin da ke karɓar kuɗin jama'a da sunan zuba jari dole ya kasance da rajista da hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari, ana kuma iya duba sunansa a shafin hukumar. Ku duba tare, a wayarka, yana zaune kusa da kai.